Madina 'Yar Wa?

A unguwarmu ta bayan ma'aikatar reluwe a Atbara, idan wani gida ya aiko neman aure, ba a ba da amsa sai an je an sha gahawa wajen Hajiya Madina. Ita ta san kakar kowa. Za ta zauna a bakin gadonta na igiya, ta tattare lafaya, tana fifita garwashi, a faɗa mata sunan yaron da na ubansa. Ba ta yanke hukunci sai gahawar ta tafaso. In ta ce, "'Ya'yan mutane ne," a yi guɗa. In kuwa ta ɗan taɓe baki ta ce, "Mutanen kirki ne, sai dai akwai jijiya," to magana ta mutu, ko da yaron likita ne. Kowa ya san abin da ake nufi da jijiya: can baya akwai wata kaka da aka sayo, ko aka kamo daga kudu.

Ni sunana Balaraba, don ranar Laraba aka haife ni, ba don wani abu ba. Kakannina daga yamma suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna. A nan aka haifi uwata, a nan aka haife ni, amma har gobe Fallata ake ce mana, wato baƙin haure. Wankan gawa na gada wajen uwata. Mutanen da ba za su ba ɗana 'yarsu ba, ni suke kira in wanke musu uwarsu, kuma ina zuwa, don lada ba shi da ƙabila. Katanga ɗaya ta raba gidana da na Hajiya Madina. Mun tsufa muna miƙa wa juna gishiri da baƙar magana ta samanta.

"Ke Fallatiya, hayaƙin gyaɗarki ya ishe ni!"

"Haƙuri za ki yi, Hajiya. Ko tsoro kike kar ya mai da ke shuɗiya?"

"Ubanki ne shuɗi!"

Don a garinmu ɗan gida ba ya baƙi. Komai duhunsa, kore ake ce masa. Bare shi ne shuɗi, ko da ya fi ka haske.

Ita Hajiya Madina wankan tarwaɗa ce, doguwa, da tsaga uku a kwance a kowane kunci irin ta ƙabilar Shaigiyya, da leɓen ƙasa da aka yi wa shuni da allura. Ta ce ƙauyensu yana gefen Marawi, kogi ya cinye shi shekarar babbar ambaliya, ba wanda ya tsira sai ita da uwarta Nafisa. Nafisa ta daɗe da rasuwa, ƙauye kuma yana ƙarƙashin ruwa, sai wa za ka tambaya? Mijinta Hamad gawayi yake zuba wa jirgin ƙasa, ciwon ƙirji ya tafi da shi da sauran ƙuruciyarsa. Da sayar da kisira, wata siririyar gurasar dawa, ta raini ɗansu guda, Tajussir. Kullum tana gaban kasko tana shafa ƙullu da ɓawon dabino, tana ɗaga kisira siririya har kana hango hannunta ta ciki, ta kai kasuwa kafin rana ta yi zafi. Da wannan kaskon ta kai shi makaranta har ya zama akawu, da shi ta je Makka.

In an yi haihuwa a unguwa ita ake kira ta ga jariri. Ba fuska take dubawa ba, don kowane jariri ja yake zuwa. Saman kunne take lanƙwasawa ta kai wajen haske. "Kunne ba ya ƙarya," in ji ta, "launin da ke nan shi zai sauko." Ranar da aka haifi jikarta Ru'a ina ɗakin. Ta daɗe riƙe da kunnen yarinyar nan, har uwar ta ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. Koriya ce, irin kakanninta."

Abu ɗaya ne nata da ya daɗe yana ba mu mamaki. Lokacin biki mata kan taru a ɗaki, a yi turaren tsuguno, a tuɓe, wannan ta murza wa wannan dilka a baya, ana zagin maza. Hajiya Madina ta fi kowa iya murza, amma ba wadda ta taɓa ganin ko cibiyarta. Aminiyarta Haram, wata gajeriyar tsohuwa mai bakin tsiya, takan ja mata riga ta ce, "Tuɓe mana mu gani, ko zinariya kika binne?" Sai ta doke hannun ta ce, "Jikina na Hamad ne, bayan Hamad na ƙasa ne." Muka ɗauka kunya ce irin ta mutanen da.

Akwai shekarar da Tajussir ya dawo daga aiki a Jidda ransa a ɓace. Wani yaro da ko gemu bai fitar ba ya leƙo ta tagar mota ya kira shi bawa. "Ni!" yake ta faɗa a tsakar gida. "Ni da zan ƙirga miki kakannina har Abbas baffan Annabi! Inna, kin san a can duk ɗaya suka ɗauke mu da 'yan kudu?" Ina jin su ta katanga. Hajiya Madina ta kama dariya, ta yi ta yi har ta koma tari, har ta koma wani abu da ban san sunansa ba. Ban taɓa jin dariyar da ta tayar mini da tsigar jiki kamar wannan ba.

Shekarar da Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai zaman kanta, jiragen yaƙi suka dawo da ruwan wuta a duwatsun Nuba, mutane suka yi ta gangarowa suna kafa bukkokin buhu a bayan gari. Cikinsu akwai wata mata, Toto, da ta riƙa bi gida-gida tana wanki. Hajiya Madina ta ɗauke ta, ta ware mata kofin shayi mai fasasshen baki, ta fi kowa yi mata tsawa. Amma Toto mai waƙa ce in tana cuɗa kaya. Wata rana na hau turmi zan shanya barkono a kan katanga, sai na hango Hajiya tsaye a bayan ƙyaure inda Toto ba ta ganinta. Idonta a rufe, leɓenta na motsi tare da waƙar. Na sauka a hankali, na bar barkonon a ƙasa.

A shekarar ne ƙafafun Hajiya suka fara kumbura. A shekarar ne kuma wani babban gida na garin Shandi suka aiko neman Ru'a. Gwaggwannin yaron suka zo da turarensu da awarwaronsu, su ma da irin tasu tambayar. Hajiya ta jero musu kakanni ba gargada, tun daga Nafisa har Abbas, suka tafi suna sa albarka. Aka sa biki bayan babbar salla.

Wata la'asar ta buga katanga da sandarta. "Fallatiya, zagayo. Ki rufo ƙofa."

Na same ta ta dafa gahawa, ta zuba mini a kofin baƙi, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Yau kuma mutuwa za ki yi?"

"Ita ce. Zauna. In an gama rufe mutum da ƙasa, me malam yake yi?"

"Haba Hajiya, kin fi ni sani. Talƙini."

"Faɗa mini dai."

Na faɗa mata abin da kowa ya sani. Malam zai tsuguna wajen kai ya kira mamaci da sunansa da na uwarsa, ba na uba ba. Kiran farko zai ji, ba zai amsa ba. Na biyu ya tashi zaune. Na uku ya ce, shiryar da ni, Allah ya yi maka rahama. Sannan a tuna masa kalmar shahada kafin masu tambaya su iso.

Ta ce, "To in aka kira sunan da ba nasa ba fa? Wa zai tashi?"

Ta aje kofi, ta kwance lafaya, ta ɗaga riga har ƙirji. Daga cibiya zuwa ƙasan nono layuka ne na ƙananan ƙulli, jere reras, irin zanen da 'yan matan duwatsu ke yi kafin su balaga. Na wanke irinsa a jikin matan bukkoki. Nasu yakan zagaya har baya da kafaɗa, don ana ƙarawa in mace ta girma, a ƙara in ta yaye ɗan fari. Nata a ƙirji ya tsaya, ba a ƙarasa ba.

"Sunana Koshe," in ji ta. "Ubana wani falke ne daga nan arewa, ya bar mini hasken fata ya wuce. Zanen nan bai gama warkewa ba kawuna ya ba da ni aikatau, aka sa ni a bayan motar auduga zuwa gidan Nafisa. Nafisa matar wani ma'aikacin reluwe ce, ba ta taɓa haihuwa ba. Ta dake ni, ta kuma yi jinyata. Da mijinta ya mutu, ta ga na fara zama mace, sai ta kira mai aska. Kaina a cinyarta aka yi mini tsagar nan, tana kuka ina kuka. Ta ce daga yau ke Madina ce 'yata, in na sake jin kalma ɗaya ta yaren duwatsu a bakinki sai na yanke harshen. Muka tattara muka zo Atbara inda ba a san mu ba."

"Hamad fa?"

Ta yi ɗan murmushi. "Ya gani. Ya duba ya duba, ya ce, wannan ƙyanda taku ta Marawi ta iya bin layi. Bai sake tayar da maganar ba har ya mutu."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na tuna auren da ta kashe da taɓe baki, na tuna 'yar maƙwabcinmu da ta yi ta kuka har ta rame. Na ce, "Ke kuwa da kike tona jijiyar mutane?"

"In kana riƙe da fitila, fuskar wasu ake gani, ba taka ba."

"Me ya sa ni kika faɗa wa?"

"Ke za ki wanke ni, dole ki gani. Kuma ke Fallatiya ce, ko kin faɗa ba mai yarda."

Na so in tashi in bar mata gahawarta. Abin da ya zaunar da ni shi ne na ga tsoro a idonta, tsoro na gaske, irin na yaro da aka bari a tasha. Ta ce tun da ƙafar ta kumbura ba ta da wani tunani. Tana ganin kanta kwance, ana ta kiran Madina 'yar Nafisa, ita kuwa tana jiran a kira ta, har takun mutane ya yi nisa.

Na ce, "To faɗi sunan uwar taki. In lokaci ya yi Allah zai ba mu dabara."

Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Na ga tana lalube kamar mai neman allura a cikin tabarma. Ta tuna ƙafar uwar da farin toka, ta tuna warin man da take shafawa, ta tuna yadda take ɗora tulu. Suna kuwa babu. Ta ɓoye shi wuri mai nisa don kada Nafisa ta ji, har ita ma ta kasa gane wurin.

Kashegari da hantsi ta kira Toto daga bakin baho, ta ce ta zauna a kan gado. Toto ta tsaya tana kallona, don ba a taɓa ce mata ta zauna ba. Hajiya ta ce, "Ku a wajenku yaya ake sa wa mata suna?"

"Bi da bi ne, Hajiya. Ta fari Kaka. Mai bi mata Toto, kamar ni. Ta uku Koshe. Sai Kiki."

"Sake faɗa. A hankali."

Toto ta sake, ta ƙara da na bayansu. Hajiya ta rufe ido tana maimaitawa, tana ɗanɗana kowanne. Can ta girgiza kai. "Kowanne na ji sai in ga kamar shi ne." Toto ta dube ta, ta dubi tsagar kuncinta, ta faɗi wata gajeriyar magana da yarensu. Hawayen Hajiya ya bi tsagar nan ya gangara gefe. Daga ranar kofi mai fasasshen baki ya ɓace daga gidan.

Ni na tuna wa Hajiya abin da malamai suka ce, wanda ba a san uwarsa ba ana kiransa ɗan Hauwa, matar Annabi Adamu. Ta daɗe tana juya maganar. Ta san abin da hakan ke nufi a unguwar da ita da kanta ta koya wa mutane ƙirga kakanni. A ce Hajiya Madina ba a san uwarta ba, a gaban surukai 'yan Shandi?

"Ru'a fa?" na ce.

"Na ba Ru'a kakanni har Abbas. Na ba ubanta. Duk abin da nake da shi na ba su, har harshena. Wannan ɗaya tak nake roƙo." Ta kama hannuna ta matse. "Madina zan amsa, na saba da shi. Amma ki ce musu 'yar Hauwa. Wannan dai ba ƙarya ba ne."

Ba ta kai babbar salla ba. Da safe ta cika, bayan an sha shayi. Na shiga da ruwa da magarya, na ce kowa ya fita. Haram ta tokare ƙofa da sandarta. "Tun muna amare muke shan gahawa tare, ni za a kora? Wa zai zuba miki ruwan, aljani?" Ba yadda na iya. Na lulluɓe gawar da mayafi, na riƙa wankewa ta ƙarƙashi. Amma mayafi in ya jiƙe manne wa jiki yake, sai ga ƙullin nan sun fito layi-layi ta cikin yadin.

Haram ta aje buta. Ta sa yatsa ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Na jira salati da kururuwa. Sai ta ce, "Zuba ruwa ke dai, kin tsaya kina zare ido."

"Kin sani?"

"Tsagar da aka yi wa jariri tare da fuska take girma, ta yi faɗi. Dubi tawa. Tata siririya ce kamar ta jiya. Tun ranar da aka kawo ta unguwar nan na gane."

"Kika yi shiru?"

"Ita ma ta san tawa kakar, ta yi shiru. Ke kina tsammani akwai wanda za a tone a garin nan a tarar da Makka a ƙasa?" Ta share ido da gefen lafaya. "Wawiya. Da ta bari na murza mata bayan nan ko sau ɗaya."

Muka sa ta a likkafani, muka fesa turare. Tajussir ya zo bakin ƙofa, idonsa jawur. A bayansa maza sun cika rumfa, surukai 'yan Shandi a sahun gaba da manyan rawunansu. Ya ce, "Inna Balaraba, an gama? Malam yana tambaya don talƙini. Madina 'yar Nafisa ko?"

Na rage murya. "Ta bar wasiyya. Ta ce a kira ta 'yar Hauwa."

"Wace Hauwa?"

"Ta Annabi Adamu."

Akawu ne, ba ya bukatar a yi masa fassara. Ya dube ni, ya dubi Haram. Haram ta ce, "Ka ji abin da aka faɗa maka, ɗana." Ya kai hannu ya taɓa saman kunnensa, ban sani ba ko ya san ya yi. Ya waiwaya ya dubi rumfa. Ta ɗakin mata ana jin kukan Ru'a, ta fi kowa ɗaga murya, don kakarta ce ta raine ta.

"Zafin ciwo ne," in ji shi a hankali. "Ba ta san abin da take faɗa ba."

"Da hankalinta ta faɗa, Tajussir. Tsoro take kada a kira ta kasa tashi."

"Ku Fallata ba ku rasa magana," ya ce. Ya juya, aka ɗauki makara.

Mata ba sa zuwa maƙabarta. Muka zauna a kan tabarmi muna jira, Toto tana can gefe wajen tukwane. Da maza suka dawo ba wanda ya dube ni. Sai bayan sadakar uku na tare malamin a hanya na tambaye shi. Ya ce, "'Yar Nafisa mana. Haka ɗanta ya ce. Sau uku na kira, kamar yadda aka saba."

An yi bikin Ru'a, ya yi kyau, na ci na sha. Bara ta haihu, na ga gwaggon mijin ta lanƙwasa kunnen jaririn ta kai wajen taga. Ban tsaya jin abin da za ta ce ba. Ban kuma riƙe Tajussir a zuciya ba, uba ne, kuma uwarsa ce ta gina masa katangar da ya kasa tsallakewa. Sai dai tun daga ranar ba ya iya haɗa ido da ni, in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Ni kuwa abin bai bar ni ba. Na wanke gawa ba iyaka, ba wadda ta taɓa biyo ni gida sai wannan. In na hau turmi zan shanya wani abu a kan katanga, sai in ga kamar tana bayan ƙyauren nan, ido a rufe, tana jira.

Shi ya sa ranar Juma'a in na taso daga kasuwa nake bi ta bayan maƙabarta, Toto na biye da ni in ba ta da wanki. Akwai inda katangar ta zube, daga nan ana hango kabarinta. Ni ba malama ba ce, ban san ko kiran mace yana isa ba, ban san ko lokacin ya riga ya wuce ba. Nakan dai tsaya in kira. Koshe 'yar Kaka. In saurara. Koshe 'yar Toto. In saurara. Koshe 'yar Koshe, Koshe 'yar Kiki, har Toto ta ƙarasa mini sauran. Ɗaya daga ciki sunan uwarta ne. Ban san wanne ba, shi ya sa ba na tsallake ko ɗaya.